Alluna Uku da Na Ƙara a Injin Shinkafa

Ku 'ya'yana, na san kun taso kuna jin ana kirana Umaru Mai Allo, kuma waɗansunku sun ɗauka karatu ne ya jawo mini sunan. Ba karatu ba ne. Autarku ma ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka, wai wata ta ce mata an taɓa kama babanta da buhunan shinkafa a ɓoye. To, ba kama ni aka yi ba, ni na kai kaina, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta bi ni gida ba. Amma abin da na yi ya fi wanda ake faɗi muni ta wata fuskar, shi ya sa na ga gara in rubuta shi da hannuna tun ina iya riƙe alƙalami, kada ku riƙa tsintarsa guntu-guntu a bakin waɗanda ba a gabansu aka yi ba.

Sai kun san garinmu Dinawa na lokacin fari kafin ku gane halina. Ina saurayi sabon ango aka yi shekarun nan da ruwa yake ɗaukewa gero yana bununi. Mahaifina, kakanku, yana da rumbu uku a bayan gida. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci sai ya jingina tsani, ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya sauko bai ce komai ba. Mu mutanen gidan fuskarsa muke dubawa mu san inda aka kwana. A shekara ta biyu na ga safiyar da ya leƙa rumbu na uku ya daɗe a kan tsanin bai sauko ba. Tun daga ranar na tsani ganin ƙasan ma'aji, kowane iri ne. Ko randar ruwa na gani ta yi rabi sai raina ya ɓaci, innarku shaida ce, don mun sha samun saɓani a kan wannan.

Da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo, ruwa ya fara isa fadamu da rani, sai ƙasarmu ta sake kama. Mutanen da a da suke ɗaukar sanda su tafi cin rani da zarar an kai amfani gida, suka zauna suna dashen shinkafa. Wani attajirin Wurno, Alhaji Garba, wanda da albasa da tafarnuwa ya yi arzikinsa, ya gina injin casar shinkafa a bakin hanya, ya kira ni ya damƙa mini makullai biyu. Ɗaya na siton shanshera, wato shinkafar da take cikin ƙaiƙayinta yadda manoma suka kawo ta, ɗaya na siton wadda aka gama gyarawa aka zuba a buhu. Bai ba ni don na iya boko ba. Ya ba ni ne don an san gidanmu da riƙon amana, kuma ya faɗa mini haka da bakinsa.

Aikin kashi huɗu ne. Mata suna yin gumi, su jiƙa shanshera su turara ta a manyan tukwane, a wata farfajiya mai katanga wadda namiji ba ya shiga. Leburori su karɓa a bakin ƙofa su baza a dandamalin siminti ta sha rana. In ta bushe inji ya cashe ta, a ɗura a buhu, a kawo mini. Shugabar matan ita ce Gwaggo Tumba, wata dattijuwa daga Taloka wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta girme ni nesa. Da ƙamshin tururi kawai take sanin gumi ya yi, kuma bakinta ya fi wutar murhunta zafi. A wancan lokaci kowa iyakar ƙarfinsa yake yi, ba mai tambayar na gabansa ko yana bukata. Mata su cika tukwane tun da hantsi, leburori su kwashe shanya ko ba ta gama bushewa ba don a sami wurin ta bayanta, inji ya yi ta ruri, ni kuma in yi ta jera buhuna har suna taɓa kwano. In baƙo ya zo wurin Alhaji, ni nake jan shi in buɗe masa sito, in tsaya a gefe ina jiran ya yi mamaki.

Abin da ba na nuna wa baƙi shi ne layin baya. Buhun da ya shiga can sai ya yi wata da watanni ba a isa gare shi ba. Shinkafar ta sake launi, ƙwari su shige ta, wani lokaci ka buɗe ka ji warin ruma. Mai saye ya zo neman doguwar ƙwaya, a tarar gajera ce ta tare gaba, leburori su ɓata rabin yini suna ture buhuna kafin a kai ga abin da yake so. Mutane suka fara dawo da kaya. Ni kuwa a lokacin masu sayen nake gani da laifi, ina cewa tsirfa ce ta yi musu yawa.

Ana cikin haka Saratu ta dawo gida. 'Yar Alhaji ce, wadda na sha saɓawa a kafaɗa tana ƙarama in kai ta kallon raƙuma ranar kasuwa. Ta yi karatun injiniya, ta yi shekaru tana aiki a wata babbar masana'anta a kudu, aka mayar da mijinta Sakkwato, Alhaji ya ce ta zo ta duba masa abin da yake kashe injin. Mako biyu ba ta ce a canja komai ba. Ta gaishe da kowa, ta zauna da matan gumi, ta tsaya a bakin dandamali da laima. Wata safiya ta shigo sitona, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ratsa har layin baya ta dafa wani buhu.

“Baba, wanga buhu, yaushe za shi hita?”

Na ce mata sai ran da Allah ya kawo mai shi.

“To wa yac ce a yi shi?”

“Wa za ya ce? Aiki na, anka yi.”

Ta yi murmushi ta fita. Na ji haushin tambayar har cikin raina.

Bayan kwanaki ta zo da alluna goma sha biyu, ƙanana kamar tafin hannu, waɗanda ta sa kafinta ya yanka. Ta ma hana a yi musu kai irin na allon karatu, don kada wani ya ji nauyin ajiye su a ƙasa. Shida kore na doguwar ƙwaya, shida ja na gajera. Ta tara mu ta yi bayani. Kowane allo yana tsaye ne a madadin gumi ɗaya, kuma yana rataye a jikin jerin buhunansa a sito. In mai saye ya kwashe jerin, sai in cire allon in rataya shi a wata ƙusa da ta sa aka buga a bakin ƙofar mata. Gwaggo Tumba ta leƙo ta ɗauka, a auna mata shanshera irin launin allon, ta hura wuta. Allon ya bi shinkafar zuwa dandamali, a soke shi a gefen shanya, ya bi ta inji, ya dawo mini tare da buhuna. In babu allo a ƙusa, babu wuta. Abin da ya fita shi ne yake kiran abin da za a yi, ba ƙarfin mai yi ba.

Gwaggo Tumba ce ta fara tayar da ƙura, daga bakin ƙofarta, a gaban kowa.

“Ke ɗiyar Alhaji, mu zauna muna kallon tukwane awa marasa lahiya? Tun ba a haihe ki ba nika gumi. Ran da kig ga hayaƙi, kada ki tambaye ni katako.”

Saratu ta ce, “Gwaggo, ran da babu allo ku tsince tsakuwa, ku wanke tukwane, a gyara murhu. Ba wadda za a ce ta tahi gida.”

Tsohuwar ta ja tsaki ta koma ciki. Amma ga abin da ban gane ba sai daga baya: bakinta ne kawai ya ƙi, hannunta ya bi. Ba ta taɓa hura wuta ba tare da allo ba. Ni da na yi shiru a taron, har ina gyaɗa kai, ni ne zuciyata ta ƙi.

Wata uku aka yi ana sayar da tsohon kaya ba a mayar da gurbinsa duka. Ina ji ina gani buhuna suka sauko daga kwano, bangon baya ya bayyana, har na ga simintin da ban sa shi a ido ba tun shekarar da aka buɗe wurin. Gaskiya aiki ya yi sauƙi. Mai saye yana zuwa a loda masa kafin ya gama shan ruwa, kuma abin da ya ɗauka bai wuce kwanaki da fitowa daga inji ba. Amma ni in na buɗe ƙofa da safe na ga jeri goma sha biyu a tsakiyar wannan makeken ɗaki, sai in tuna mahaifina a kan tsani. Na riƙa ce wa kaina yarinyar nan ba ta san yunwa ba, a birni ta girma. In inji ya lalace fa? In ruwa ya yanke hanya fa? Ban je na faɗa mata wannan ba. Girma ya hana ni in zauna gaban 'yar da na ɗauka a kafaɗa in ce mata tsoro nake ji.

Sai na yi dabara irin ta wanda yake ganin ya fi kowa hankali. Ranar kasuwar Rabah na sa jan allo ɗaya a aljihu, na je wurin wani kafinta da bai san ni ba, na ce ya yanka mini uku irinsa. Na sayi fenti na shafa da kaina. Daga nan, in na ga aiki ya lafa, sai in rataya nawa a ƙusa. Gwaggo Tumba ba ta ganin mai ratayawa, allo kawai take gani, ta ɗauka da murna ta hura wuta. In buhunan suka iso da allunana, sai in sa leburori su kai su wani ɗaki a baya inda tsohon inji yake, in ce ajiya ce. Ba mai tambayar dattijo mai makulli. Ni a ganina alheri nake yi wa Alhaji, ina tara masa abin da zai gode mini ranar tsanani. Kusan wata biyu ina haka, kuma ba zan ɓoye muku ba, a kwanakin nan na fi cin abinci da daɗi.

Abin ya tonu ne a farkon damina. Akwai wani ɗan kasuwa da yake zuwa da babbar mota daga kudu, tsohon abokin cinikin Alhaji tun zamanin albasa. Ya iso ya kwashe doguwar ƙwaya duka, ya ce motarsa ba ta cika ba, zai jira kwana huɗu a ƙarasa masa. A sabon tsari wannan ba komai ba ne, don dandamali kullum akwai wuri. Sai dai daf da zuwansa na rataya jajayena uku, gumin da ba wanda ya nema ya mamaye fiye da rabin simintin. Hadari kuma ya taso, aka kwana biyu rana ba ta fito sosai ba, ana rufewa ana buɗewa. Doguwar ƙwayar da mutumin yake jira ta daɗe a jiƙe babu wurin shanya har ta fara tsami. Ya gaji ya ja motarsa ya je wani injin ya cika ta, ya aiko wa Alhaji da magana marar daɗi.

Ranar Laraba da hantsi na hango motar Alhaji ta karyo kwana, Saratu a ciki. Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na bi gefen dandamali kamar mai duba shanya, na zare allunan nan uku ɗaya bayan ɗaya na zura a aljihun rigata.

Aka tara mu a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Saratu ta zaga ta ƙirga allunanta, na sito da na tukwane da na inji, ta samu goma sha biyu cif. Ta nuna shanya uku da suke kwance ba allo a gefensu. Alhaji ya sa aka kira Gwaggo Tumba, ta fito bakin ƙofa tana share hannu da gefen zane.

“Tumba, wa yas sa ki gumin ga?”

“Allo nig gani ga ƙusa, Alhaji, niɗ ɗauka nih hura wuta.”

“Ina allon?”

“Ya hito tare da shinkahwa. Ku tambayi maza, ni ba ni hitowa nan.”

Leburorin suka kalli juna, wani ya ce kamar ya gani, wani ya ce bai lura ba. Sai wani ya tuna da maganar da Gwaggo Tumba ta yi ranar taron farko, cewa in an ga hayaƙi kada a tambaye ta katako. Shi ke nan magana ta zauna a kanta. Ta juyo ta dube ni.

“Malam Umaru, kai ka rataya allo. Hwaɗa musu.”

Allunan suna taɓa cinyata ta cikin aljihu. Na buɗe baki na ce, “Ni dai abin da yah hita sito, shi nika ratayawa.”

Ta daɗe tana kallona. Alhaji ya ce ba asarar ce ta fi yi masa ciwo ba, ƙaryar ce, daga bakin mai furfura. Ya ce ta ƙarasa abin da yake kan wuta, ranar Juma'a ta tattara ta koma Taloka. Saratu ta so ta sa baki, ya ɗaga mata hannu. Tsohuwar ta juya ta shige, ban ji muryarta ba har aka tashi aiki, ita da ake jiyo faɗanta daga bakin titi.

Na koma gida bayan la'asar na tuɓe rigar na rataya, na ce wa innarku kaina yana ciwo. Washegari da safe na idar da salla na zauna a tabarma, ta kawo mini kunu, ta ajiye kwanon, sannan ta jera alluna uku a gefensa. Ta ɗauki rigar ne za ta wanke. Labarin korar Gwaggo Tumba kuwa ya riga ni isowa unguwa. Ban tsaya ta tambaya ba, na fara kare kaina. Na ce yarinyar nan za ta bar mutane da sito wayam, na kawo mata zancen fari, na kawo rumbunan mahaifina. Ta bar ni na gama.

“Malam, rumbun Baba da kaka ta hwaɗi, ni ma na zauna gidan. Mi ac ciki? Gari?”

Na ce damman gero ne, ta sani.

“To. Kullum da sahe dami guda shika hiddo muna, mu sussuke, mu surhe, mu daka na yinin. Wace macce ka surhen wata guda ta aje? Ai sai shi lalace. Baba bai taɓa cika rumbu da abin da anka riga anka taɓa ba. Ɗiyar Alhaji ba sabon abu tak kawo ba, abin gidanku na, kai kam mance.”

Na dubi allunan da ke gefen kwanon. Shekara nawa ina ɗauke da hoton mahaifina a kan tsani, ban taɓa tsayawa na tuna abin da yake leƙawa ba. Hatsi ne a cikin rigarsa, wanda zai shekara bai yi komai ba. Ni kuwa na tuɓe wa shinkafa rigarta na jibge ta ina kiran abin tanadi. Innarku ta ɗauki tsintsiya kamar ta gama, sai ta tsaya.

“Wanga dut mai sauƙi na. Tsohuwa za ta koma garinsu gobe da sunan maƙaryaciya. Sha kununka in kana iyawa.”

Ban iya ba. Na naɗe allunan a hankici na hau keke.

Na sami Alhaji da Saratu a ofis. Na cire takalmi na zauna a ƙasa, abin da ban saba yi ba a wannan ɗakin, na kwance hankicin a gabansu. Na faɗi komai, tun daga kafintan Rabah har zuwa zare allunan da na yi jiya. Sannan na ce su biyo ni. Da na buɗe ɗakin tsohon inji, warin da ya tarye mu ya isa shaida. Ɗakin ba taga, rufin yana yoyo ta kusurwa, buhunan ƙasa sun dunƙule, na sama ƙwari suna yawo a bakin ɗinkinsu. Tanadin da nake taƙama da shi ke nan. Abin mamaki, a daidai lokacin da nake tsaye ina jiran hukunci, sai na ji ƙirjina ya yi sakayau, irin yadda ban ji ba tun ranar kasuwar Rabah.

Alhaji ya gama duba buhunan ya juyo gare ni. A hankali ya yi magana.

“Umaru, da sata kay yi, da na san inda zan aje ka. Ba ni makullai.”

Na miƙa masa duka biyun. Saratu ta matso kusa da shi ta rage murya, amma na ji.

“Baba, ina roƙon abu guda. A bar mai na shanshera.” Ta juyo gare ni. “Baba Umaru, da ka hwaɗa man abin da ka damunka, da mun zauna tun tuni. Tsoronka na da gaskiya, wurin ajiyar na ba daidai ba. Shanshera ba ta lalacewa da wuri. Cika wancan sito har kwano, ba mai hana ka. Wanga kau a bar shi ga allo.”

Alhaji ya jujjuya makullan a hannunsa, ya cire ɗaya ya ajiye a kan buhu bai miƙo mini ba. Ya ce kafin in taɓa shi, in je bakin ƙofar mata in faɗi abin da na faɗa masa, da ƙarfi, yadda na ƙarshen farfajiya za ta ji.

Na je na yi sallama. Na faɗa, leburori suna tsaye a bayana, matan suna saurare daga ciki. Gwaggo Tumba ta bar ni a rana har inuwar katanga ta janye daga ƙafafuna, sannan ta fito. Ta karɓi allunan ta juya su tana dubawa.

“Ko hentin ba ka iya ba,” ta ce. Matan suka kwashe da dariya daga ciki. Ita ba ta yi ba. “Jiya da nik kira sunanka, na san kai na. Na so in ga ko ɗan gidan amana za shi bari in tahi.”

Na ce ta yafe mini don Allah.

Ta jefa biyu cikin farfajiya ta ce a sa a murhu. Na ukun ta miƙo mini.

“Riƙe wanga. Ran da tsoro yat taso ma, kawo shi ga hannuna, ba ga ƙusa ba. Na yahe. Tashi ka ba mutane wuri, Mai Allo.”

Inda sunan ya fito ke nan. Abin ya ci mini abin da ya ci. Alhaji bai kore ni ba, kuma bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya, amma a da ni yake kira in zama shaida in zai ƙulla wata magana, daga ranar bai ƙara kirana ba. Na ji zafin wannan ƙwarai, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗan kasuwar nan na kudu sai da aka shekara kafin ya dawo. Siton shanshera kuwa na riƙe shi har na ajiye aiki, na cika shi yadda raina yake so, in sa a ɗaga buhuna a kan katako, in bi layi-layi kowace safiya ina dubawa. Sau biyu ruwa ya yanke hanyar Goronyo, manoma suka kasa kawo kaya, injinmu bai tsaya ko yini ɗaya ba. Saratu ta faɗi haka a gaban mutane, na ji daɗi, amma ban bar kaina ya kumbura ba, don na san ta inda na biyo. Allon yana cikin akwatina a ƙarƙashin rigunan salla. In kun zo rabon kayana kada ku ɗauka tarkace ne ku jefar.

Amma in kun tambaye ni ranar da ta fi tsaya mini a wannan shekarar, ba ranar da na tona kaina ba ce, washegarinta ce, Juma'ar da aka ce Gwaggo Tumba ta tattara ta tafi. Duk da ta ce ta yafe, ban tabbata za ta zauna ba, don mace ce mai zuciya, kuma an kira ta maƙaryaciya a gaban sa'o'in 'ya'yan cikinta. Na taso daga gida da wuri a kan keke. Da na kawo kwanar da ake fara hango injin, na ɗaga kai na ga hayaƙi yana tashi daga farfajiyar mata. Na matso na ga ƙusar ba komai, an ɗauke allon da sabon mai sito ya rataya. Sai na jiyo muryarta daga ciki tana yi wa wata faɗa a kan ta cika wa tukunya ruwa. Na sauka daga keken na jingina shi da katanga, na zauna a ƙasa a wurin, na saurari faɗan nan har ta gama.